Zobon Umma Ba Ya Ƙarewa

A lungunmu na Mandawari kowace mace da abin da aka san ta da shi. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Umma, nata zobo ne. Ban ce ya fi na kowa daɗi ba, ko da yake mai son zaman lafiya haka zai ce. Abin alfaharinta ɗaya ne: tun da take tara mutane a gidanta, ba a taɓa miƙo kofi aka ce zobo ya ƙare ba.

Da bikin ƙanwata ya matso, yayanmu ya ce a sayo lemon roba katan-katan kowa ya huta. Umma ta dube shi kamar ya ce a sayar da gidan.

"Lemon roba ƙafa gare shi," in ji ta. "Kana ajiyewa zai shige jakunkunan mata ya fice. Wa ka taɓa gani ta zuba zobo a jaka?"

Sai aka zo kan yawan da za a dafa. Ni da kaina na ce a duba yawan katin gayyatar da aka raba. Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. A cikin gari kati ɗaya mace ce da ƙanwarta da maƙwabciyarta da duk yaran da suka gan ta ta yafa mayafi. Shi ya sa Umma ba ta ɓata lokacinta wajen kintatar mutane. Takan dafa zobo mai kaurin gaske da citta da kanumfari, wanda take kira uwa. Daga shi ake ɗiba a zuba a baho, a sa suga, a sirka da ruwa. Mutane na ƙaruwa, ruwa na ƙaruwa.

Don haka a gidanmu launin zobo ke faɗa wa baƙuwa lokacin da ta zo. Masu zuwan safe don taya aiki su sha baƙi wuluk. 'Yan bayan azahar su sha ja. Wadda ta kai la'asar kuwa, sai dai ta sha da kyakkyawar niyya.

Matsalar ita ce dangin ango su ne ƙarshen zuwa. Saboda su Umma ta ware jarka guda ta uwa, ta tura ƙarƙashin gadonta.

Ranar yini mata suka cika gidan har soro. Ni aka damƙa wa ludayi. Duk wucewar da Umma za ta yi sai ta raɗa min, "Ƙara," ni kuma in ƙara. Kafin la'asar ina iya hango gindin bahon ta cikin zobon. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ɗaga kofinta tana dubawa a haske.

"Masha Allah, Hajiya," ta ce wa Umma. "Wannan ai ko alwala a yi da shi."

Ana cikin dariya aka ce ga dangin ango. A gabansu gwaggon ango ce, matar da kowa ya san duk abin da ta gani sai ya isa kunnen uwar ango kafin ta cire takalmi. Nan na ga tsoro a fuskar Umma, kuma ta ba ni tausayi ƙwarai. Ba sunanta kaɗai take ji ba. In aka koma aka ce gidan su amarya jan ruwa suka bayar, ƙanwata ce za ta yi shekaru tana shan gorin a gidan miji.

Umma ta faɗa ɗaki, ta jawo jarka, ta tuttula a jug-jug, ta watsa ƙanƙara. Ko ɗigon ruwa ba ta yarda an sa ba. Sai na tuna cewa suga a baho ake sa shi, uwa ba ta taɓa ganinsa ba.

"Umma, suga fa..."

"Ke, kauce min! A gaban baƙi za ki koya min zobo?"

Na kauce. Ni yarinya ce mai biyayya.

Gwaggon ango ta kai kofi baki ta yi kurɓa mai kyau. Idonta ɗaya ya rufe da kansa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe. Amma a gidan surukai take, ba halin tofarwa, sai ta haɗiye.

"Kai, Hajiya," ta ce da wata siririyar murya, "wannan shi ne zobo."

"Ƙara mata," in ji Umma cikin jin daɗi.

Na cika mata kofin har baki. Sauran suka yi ta juya nasu a hannu. Ɗaya ta tuna tana da gyambon ciki, wata ta ce likita ya hana ta sanyi. Ni dai na kafa ido a ƙasa ina danne dariya, don in na haɗa ido da kowa asirina zai tonu.

Bayan sun tafi aka dawo da jug-jug kusan a cike. Na zuba wa Umma kaɗan, na miƙa mata. Ta kurɓa, nata idon ma ya rufe. Ta zauna a bakin gado tana kallon kofin, har na fara nadamar dariyata.

Labarin da ya isa gidan ango shi ne mutanen nan ba sa yi wa baƙo rowa, zobonsu ko ruwa ba sa sa masa. Ƙanwata ta tsira. Sai dai har yau in dangin mijinta suka zo gidanmu suka ji motsin jug, ko Talata ce, azumi suke yi.

Kwanan baya na sake tsokanar Umma da zancen. Ta harare ni ta saman tabarau.

"Ke ki faɗi gaskiya tsakaninki da Allah," ta ce. "Ya ƙare?"