Ranar da Na Yi Gadin Kwamfutar Jikana

Ni haifaffiyar Nahuce ce, ban taɓa zama a aji ba, ɗiyar maƙwabciyata ce ke rubuta wannan daga bakina. A garinmu an san ni da riƙon amana. Mata masu tafiya Makka ni suke bar wa makullin ɗaki, su dawo su iske ko tsintsiya ba ta gusa ba. Ba na wasa, ba na dariyar banza, kuma da wannan hali nake taƙama har ɗana ya ɗauko ni zuwa gidansa a Gusau.

A gidan akwai jikana da ke karatun digiri na biyu. Wai bincike yake yi a kan gonakin dawa, alhali bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya ce kwamfutarsa ba ta da ƙarfin lissafin, don haka yake buɗe wani shafi a intanet, ya ari wata babba da ke ƙasar Turawa ta yi masa aikin kyauta. Sharaɗin masu ita shi ne, in an jima ba a taɓa shafin ba, sai su ɗauka mutum ya tafi, su karɓe abarsu. Na ce masa wannan ba aro ba ne, wulaƙanci ne. Ya yi dariya ya ce wai ni amaryarsa na cika faɗa.

Wata safiya zai je Tsafe ganin manoma, sai ya ajiye kwamfutar a kan tabarmata, ya nuna mini maɓalli ɗaya, ya ce in riƙa danna shi jifa-jifa. Ya rantse mini cewa in aikin ya yanke, karatunsa ya lalace, kuma duk gidan ni kaɗai ya yarda da ita. Wannan maganar ce ta kama ni.

Kafin azahar aka bugo waya daga Nahuce cewa jikin yayata ya tsananta, tana ta kiran sunana. Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu. Na sa a kira yaron, wayarsa ba ta shiga. Surukata ta ce in tafi, ita za ta danna. Na dube ta, macen da miya ke ƙonewa a gabanta tana latsa waya, na ce a'a. Na gaya wa kaina ai Yaya ta saba kwanciya ta tashi. Haka na zauna, ni da furfurata, ina gadin wasu rubuce-rubuce masu gudu kamar tururuwa, carbi a hannu ɗaya, yatsa a kan maɓalli. Ko salla a gaggauce na yi ta. Sai dab da magariba ya dawo, kuma kowa ya san hanyarmu ba a bin ta da yamma yanzu. Da safe na isa Nahuce na iske maza suna dawowa daga maƙabarta.

Bayan an share makoki na tambayi jikan nawa ko aikin ya kammala, don in samu abin da zan riƙe a zuciyata. Yana cin tuwo ya ce ai tun la'asar ɗin ranar masu kwamfutar suka yanke shi, lokacin kyauta ya ƙare, dannawata ba ta hana komai ba. Ya ƙara da cewa dama akwai kuskure a abin da ya rubuta, washegari ya gyara ya sake kunnawa, in daina damuwa. Wai in daina damuwa! Abin da ya ce mini rayuwarsa ce, ashe abu ne da ake sakewa kamar wankin kwano.

Ban tsine masa ba, jinina ne, amma har yau in ya fara dogon bayaninsa tashi nake yi. Kaina na fi rainawa, da na bari yabon yaro ya ɗaure ni a tabarma. 'Yan'uwana tsofaffi, in 'yan boko suka ɗora muku gadin na'urarsu da rantsuwa, ku fara tambaya ko ana iya sake abin gobe. In ana iyawa, ku sa takalmanku ku tafi wurin wanda ke kiranku. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ta yafe mini.