Kaset ɗin Fatakwal

Hannunsa na kan wuyan rigata, ni kuma hannuwana biyu cike da zaren kaset, ba halin in ture shi.

"Wa ya ce ka buɗe?" in ji shi. "Gyara aka ce ka yi, ba fiɗa ba."

"Oga, ai ba a gyara shi a rufe. Sakar mini riga, zaren zai ƙara tsinkewa."

Bai sake ni ba sai da tsohuwar da suka zo tare ta yi masa wata gajeriyar magana da yarensu. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana huci.

A shagon maigidana ne, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, farkon shekarun casa'in. Muna sayar da kaset, muna kwafar waƙoƙi da wa'azi na kowane ɓangare. Ni na bar makaranta tun aji biyu na sakandare. Na taɓa kwandasta, na taɓa ɗinki, na taɓa gyaran agogo, duk ban zauna ba. Ranar maigidan ya tafi Kaduna saro kaya, ni kaɗai ne a shagon. Garin kuma bai gama komawa daidai ba tun bayan tashin hankalin da aka yi. Ana gaisawa, ana ciniki, amma kowa na lura da hannun kowa.

Tsohuwar daga wajen Nok take, manomiyar citta. Mai cakumata ƙaramin ɗanta ne. Babban yana Fatakwal yana facin taya. Da yake ba ta karatu, ba ya rubuto mata wasiƙa, magana yake yi a kaset ya ba wani ma'aikacin jirgi ɗan ƙauyensu ya kawo. Wannan karon kaset ɗin ya iso tana wajen taron zumuntar mata na coci, sai ya kwana a ɗakin ƙaramin. Da ta dawo aka sa a rediyo, gaisuwa kawai ta ji, rediyon ya tauna zaren ya tsaya.

"Shi ya kashe maganan," ta ce mini da irin Hausarta, tana nuna shi da haɓa. "Gonan babansu shi kaɗai yana noma. Ba ya so ɗan'uwansa ya dawo. Tun ranan ban ci abincin gidansa ba, kuma ba zan ci ba."

"Mama, a gaban baƙo?" in ji shi.

"Baƙo bai yanka mini magana ba."

Gaskiya ni ma ban yarda da shi ba. Tun shigowarsu yake cewa kaset ɗin ya mutu, a jefar, a aika wa yayan ya sake wani. Gumi yake yi alhali an yi ruwa da safe, garin da sanyi. Kuma mutumin da ba shi da abin ɓoyewa, me zai sa ya shaƙe ni don na kwance kusoshi?

Na shimfiɗa zaren a kan gilashin kantar shago. Inda rediyo ya tauna ya yi ninki-ninki kamar ganyen da akuya ta tofar. Wannan ba matsala ba ne. Na ɗauko cokalin shayina na riƙa goge shi da bayan cokalin a hankali, ina naɗewa da biro. Tsohuwar ta jawo benci ta zauna dab da ni har ina jin numfashinta. Ko ƙiftawa ba ta yi.

Can na iso inda abin ya samo asali. Zaren ya manne da junansa, da wani abu ruwan ƙasa da ya bushe. Na ɓamɓare shi da bakin reza. A nan na ga tsinkewar. Idan rediyo ne ya tsinka zare, bakin yakan jawu ya yi siriri. Wannan kuwa a miƙe yake tsaf. Yanka shi aka yi, aka cire wani abu, aka haɗa bakin biyu da gam. Gam ɗin ne ya malala ya kama zaren, shi ya sa rediyon ya tauna.

Na kai hanci. Na san warin nan tun ina kwandasta.

Ban san wanda maganar za ta faɗa wa a kai ba.

"Me ka gani?" in ji tsohuwar.

"Mama, an yanka shi da reza. An kuma liƙe da sholisho, irin na facin taya."

Ɗan ya taho da sauri daga bakin ƙofa. Ya sunkuya ya sansana, ya ɗago fuskarsa ta washe.

"Kin ji ko? Sholisho. Wa ke faci a gidanmu? Shi ya yanka abinsa tun can kafin ya aiko."

Ni ma abin da ya zo mini ke nan, har na fara jin kunyar zargin da na yi masa. Tsohuwar ba ta ko motsa ba.

"Kai ba ka da keke?" ta ce. "Keken ka da yawu kake facinsa?"

Dukkanmu muka juya. Kekensa na jingine a bakin shago, da ƴar jakar fata a ɗaure ƙarƙashin sirdi, irin wadda kowane mai keke ke ajiye sholisho da guntun roba. 

Sai ta juyo kaina.

"Kai kuma, ɗan Hausa, yaushe ka san shi?"

"Ni? Yau na fara ganinsa."

"Uhm. Ya kama riganka, ka yi kaman kana fushi. Yanzu ka sa hanci, ka ce Fatakwal. Kun gama maganan ku tun jiya."

"Mama, ni ban ce Fatakwal ba. Sholisho na ce."

Ta sa na zazzage aljihuna a kan kantar shago, wai ko guntun da aka cire yana wurina. Goro ne rabi, da makullin shago, da tsinken sakace. Ta ɗaga tabarmar da nake salla ta duba ƙarƙashi. Raina ya ɓaci, amma na daure. Sa'ar kakata ce, kuma da na kore su, cewa za a yi a ƙauyensu ɗan Hausa ya lalata musu kaset ya kore su.

Wajen da sholishon ya ci ba ya gyaruwa. Dole na yanke kamar tsawon ɗan yatsa. Kafin in yanke sai da na nuna mata, na ce ta riƙe da hannunta. Ta karɓi guntun ta ƙulle a bakin zanenta. Na haɗa bakin biyu da siririn salatif ta baya, na mayar da zaren cikin sabon gidan kaset, na ɗaure kusoshi. Na sa a babban rediyon shago na danna.

Murya ta fito, ta namiji, tana ɗan rawa inda zaren ya taunu, amma ana ji. Da yaren Jaba yake magana. Ni ban tsinci komai ba sai Fatakwal, da Kirsimeti, da amin. Don haka fuskokinsu na riƙa kallo. Tsohuwar ta rufe ido, leɓenta na motsi. Muryar ta fara ɗagawa kamar mai shirin faɗin abu mai nauyi. Sai ƙit, aka wuce kan salatif ɗina, muryar ta dawo a kwance kamar ba ita ba.

"Koma," in ji ta.

Na mayar. Ta sake cewa in koma. Na yi ta mayarwa har na ji tsoron haɗin zai ɓalle.

"Me ya ce a wurin?" na tambayi ɗan.

Amma ita ta amsa.

"Ya ce, maganan gona kuwa. Daga nan sai ya ce a gai da fasto."

Na kalli ɗan, ya kalli ƙasa. Na yi ta juya abin a raina. Zai yiwu yayan cewa ya yi yana nan dawowa ya karɓi rabonsa, ƙanen ya ji ya yanke. Zai kuma yiwu cewa ya yi ya bar wa ƙanen gonar, ko ya faɗi wata baƙar magana, da ya huce ya yi nadama ya sa reza. Mai faci ba zai nemi wani gam ba, na gabansa zai ɗauka. Mai keke ma haka. Har guntun da ke ƙulle a zanenta sai da na zarga, ko kalmar da ake nema tana ciki.

"Mama, na rantse da Ubangiji," in ji ɗan, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Bar sunan Ubangiji. Fita waje, zan yi amsa."

Ta sa na ɗauko sabon kaset na jona makirfo. Na miƙe zan ba ta wuri, ta ce, "Kai ba ka jin yare. Zauna ka danna abin." Ta yi magana mai tsawo, wani wurin da faɗa, wani wurin kamar addu'a. Ta ƙofa ina hango ɗan a tsugune gefen kekensa yana murza feda da hannu. Da ta gama ya leƙo ya ce ko zai sa gaisuwa. Ta ce babu wuri.

Na kwafa mata gyararren a wani kaset don kada ya sake tsinkewa. Amsar kuwa ta ƙi ba ɗan. Ni ta miƙa wa, ni da ta gama zazzage wa aljihu.

"Kai za ka ba mutumin jirgi. In bai kai ba, na san shagonka."

Ya ce ta hau keke ya kai ta tashar mota, ta ƙi. Ta wuce gaba da ƙafa, yana binta a baya yana tura keken.

Kaset ɗin ya zauna a aljihun teburin shago har ranar da jirgin kudu zai tashi. Kullum na buɗe sai na gan shi. Ban san me ta faɗa a ciki ba. In zagi ne kawai, yayan ba zai san abin da ake tambayarsa ba. Ɗaya gefen kaset ɗin kuma babu komai. Da safen ranar, kafin in tafi tasha, na juya shi na danna jan maɓalli.

"Sannu da aiki, Oga. Ba ka san ni ba, ni ne mai gyaran kaset na bakin tasha a Kafanchan. Maganar Mama na ɗaya gefen, ban taɓa ta ba. Kaset ɗin da ka aiko an yanke shi da reza daidai inda ka ce maganar gona, an liƙe da sholisho. Mama ta ce ƙanenka ne, ta daina cin abincin gidansa. Shi ya ce kai ne. Ni ban sani ba, kuma ban yarda da kowa a cikinku ba. In kai ka yanke, ka faɗa mata da bakinka, ko da ba za ka maimaita abin da ka cire ba. In ba kai ba ne, ka sake faɗin maganar gonar tun daga farko. Ka ba mutumin jirgi ya kawo nan shagon, zan aika a kira ta ta ji a gabana kafin ya kwana a ɗakin kowa. Kuma don Allah, in ka yi kuskure a magana, mayar da kaset ɗin baya ka yi wata a kai. Kada ka sa masa sholisho."