Gwajin da Aka Yi da Sunana

Ranar Laraba, 16 ga Yulin 2025, ina tsaye cikin ruwa a gonata ta shinkafa a Bunkure aka kira ni a waya aka ce Dakta Jamaluddeen ya rasu a Kano, bayan wani zazzaɓi da kowa ya ɗauka mai wucewa ne. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ko a tabarmar makoki sai in tashi in zagaya in dawo, har mutane suka fara bina da kallo.

Jamalu, kai ka san abin da ya hana ni zama.

Ɗan manomin tumatir ne kai daga Kadawa, ka yi karatu har ka zama malamin jami'a, amma ba ka taɓa yi mana magana da harshen da ba mu ji ba. Ranar da ka kawo 'yar na'urarka ɗakin shan magani na garinmu, da shinkafa ka fara. Ka tambaye mu yadda ganye yake yi idan ƙasa ta rasa sinadarin zink. Muka ce ai yakan yi ja kamar tsatsa, shuka ta tsumbure, sai an watsa takinsa. Ka ce to a jikin namiji ma akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara mai tara zink, idan sankara ta fara kama ta sai zink ɗin ya ragu tun mutum bai ji komai ba. Na'urar ba ta fi waya girma ba. Ana ɗiga fitsari a kan wani tsinke irin na gwajin suga, abin da aka shafa wa tsinken ya kama zink, lamba ta fito. Ka maimaita mana cewa har yanzu gwada ta kuke yi, ba ta yanke hukunci, iyakarta ta ce wane ya je likita ya duba shi. Ni ne na fara miƙa kwalbata, aka auna, lafiya lau.

Mutum ɗaya ya ƙi zuwa: Malam Sammani, taubashina, mahaifin matarka Muhsina. Kowa ya ga halin da yake ciki. Ba ya gama hira bai tashi kewayawa sau da yawa ba, kuma ya daina jan mu salla a masallacin bakin kanal ɗin ban-ruwa don alwala ba ta zama masa. Amma wa zai yi masa maganar? Kai ko sunansa ba ka iya faɗa. Daga nesa kake cire takalmi ka durƙusa, ba ka taɓa cin loma ɗaya a gabansa ba. Shi kuwa cewa ya yi gara ya mutu da a ce mijin 'yarsa ya riƙe fitsarinsa a hannu.

Na yi masa tsiya iya tsiya, don tsakanina da shi babu abin da ba a faɗa. Na ce tsohon da ya tsufa da tsoron kwalba, ina amfanin gemunsa? Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin in kai maka fitsarinsa a matsayin nawa. Na kai. Lambar ta fito ƙasa ƙwarai. Ka daɗe kana kallonta, sannan ka ce mini a hankali, "Baba Nasiru, naka na auna a watan jiya. Amma tunda ka ce naka ne, naka ne."

Daga nan na shiga uku da kai. Duk Juma'ar da ka zo gaida surukinka sai ka aika a kira ni. Ka gama gaisuwa, ka juya masa gefe, ka fuskance ni, ka hau ni da faɗa. Ka ce mini ciwon nan idan an tare shi da wuri ana samun sa'a, idan ya shiga ƙashi kuma sai addu'a. Ka ce jiƙe-jiƙen da nake sha ba za su gaya mini abin da ke cikina ba. Ka ce ina da jikoki. Ni da ba abin da ke damuna in zauna ina cewa to, to, Dakta, za a duba. Sammani yana gefe yana jan carbi, kansa a sunkuye, wani lokaci har ya sa baki ya ce, "Ka ji dai abin da yaro yake gaya maka." Wallahi akwai ranar da na ji kamar in shaƙe shi.

Haka damina ta shigo. Ka yi magana da wani likita abokinka a Kano, aka ba da rana, Sammani ya ce sai an gama dashe. A zuwanka na ƙarshe kana cikin yi mini faɗan ka kasa ƙarasawa, ka tashi ka fita. Na yi fushi da ku duka biyun, shi da taurin kansa, kai da kunyarka. Yanzu ban san inda zan kai fushin ba.

Abin da ke tayar da ni daga tabarma ke nan. Muhsina tana ɗaki tana takaba. Ina kallon ubanta ya rame, yana tashi yana dawowa, ina tambayar kaina ko za ta fita daga wannan makoki ta faɗa wani. Wanda zai juya masa gefe ya faɗi gaskiya ya tafi, ni kuwa tsiya kawai na iya.

Jiya bayan la'asar, da mutane suka ragu, Sammani ya matso kusa da ni. Bai dube ni ba. Ya ce, "Nasiru, yaron nan ya tafi da damuwar ciwonka a ransa. Yaushe za ka je asibitin? Zan raka ka."

Na ce gobe. Ban sani ba ko mun makara, Jamalu, kuma kai da za ka gaya mini ba ka nan. Amma na riga na yi magana da mai mota.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Jamaluddeen, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa duk wanda aka gano ciwonsa da wuri ta dalilin aikinsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba abokan aikinsa ikon ƙarasa abin da ya fara. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyayensa a Kadawa, da ɗalibansa, da Muhsina da 'ya'yanta. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Wanda zai raka ni gobe kuma, ya Allah, Ka bar wa marayun nan kakansu.