Jar Motar da Muka Je Saye a Tudun Wada

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanin matata, wanda ya shafe makonni yana hana mu sakat da hoton wata jar mota a wayarsa. Motar tsere ce mai ƙofa biyu, irin ta shekarun baya, wai tana Tudun Wadan Zariya ana neman mai saye. Shi ya riga ya mutu a kanta. Ni kuwa matata ce ta tura ni, ta ce in bi shi kada a yi masa sakiyar da ba ruwa.

Tun a gida abin bai kwanta mini ba. Saurayin da ya saka hoton ya ce mu zo ranar Juma'a, kuma daidai lokacin da liman ke hawa mumbari. Wane irin ciniki ne wannan da sai unguwa ta watse? Shi ya sa na ce mu yi sammako, mu ga wurin da idonmu kafin a nuna mana.

Hanya dai ba laifi. A Kwanar Ɗangora muka sha shayi da burodi, mai shayin ya tsuga mana kuɗi kamar a nan ya ga masu sayen mota. Wajen Tashar Yari rake ya yi araha, surukina ya saya, amma zumuɗi ya hana shi sha. Har muka sauka a Kwangila bakinsa bai huta ba: giyar hannu ce, fentin kamfani ne, ba a taɓa buɗe injin ba. Na ce masa duk wanda zai sayar da akuya haka yake yabon ta.

Muka hau Keke Napep muka tsallaka Kubanni zuwa Tudun Wada. Da kwatancen masallaci da wani shagon tela muka gano layin. Ƙofar wani gareji a buɗe take, ga wani dattijo ya naɗe hannun riga yana goge motar da tsumma mai laushi.

Gaskiya ta haɗu. Duk taurin kaina sai da na yarda. A ƙasa take ƙwarai, kamar ta durƙusa, fatar kujerun ko tsagewa babu, fitilun garau. Amma kyan nata ma ƙara mini zargi ya yi. Na leƙa ƙarƙashi ina neman tsatsa, na shinshina ciki ko ta taɓa shan ambaliya. Ban samu komai ba, na kuma ji haushin hakan.

Muka gaisa da dattijon, surukina ya ce mu ne baƙin Kano masu sayen mota. Ya ajiye tsumman a hankali.

“Wace motar?”

Aka nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a cikin garejin nan aka ɗauke shi, kuma ya san wanda ya ɗauka. Ya ba mu benci, ya yi mana bayani. Motar ta babban ɗansa ce da ya rasu. Da aka raba gado ta faɗa a rabon ’yar marigayin, yarinya ’yar firamare, shi kuma yake riƙe mata amana. Duk Juma'a yakan wanke ta, ya duba mai, ya zaga da ita ta Gyallesu don kada injin ya kwanta, sannan ya tafi masallacin cikin gari, sai la'asar. Ɗan ƙaninsa ne kaɗai ya san inda ake rataye makulli.

Muna zaune wayar surukina ta yi ƙara. Saurayin ne. Dattijon ya miƙo hannu aka ba shi, ya saurara har wancan ya gama cewa mu jira tsoho ya fita tukuna.

“Tsohon bai fita ba,” in ji shi. “Ka zo ka same ni.”

Na ɗauka zai kore mu. Sai ya dubi surukina, wanda idonsa ya kawo ruwa, ya ce tunda ya taho tun daga Kano, ya shiga su yi zagayen yau tare. Kujera biyu ce, don haka ni aka bari a benci. Da ya tayar da ita, ƙarar ta ratsa ni har ƙirji, tela ma sai da ya leƙo. A kan tudun rage gudu a karkace ya haye da ita, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Bayan Juma'a muka ci tuwon shinkafa a Kwangila muka kamo hanya. Da muka wuce Kura surukina ya juyo ya dube ni.

“Yaya, da mun zo a lokacin da ya ce, da yanzu motar marainiya nake tuƙawa.”

Na ce masa haka ne. Mun iso gida kafin magariba hannu rabbana, kuma ban taɓa jin daɗin dawowa daga ciniki ba kaya kamar ranar ba. Abin da na riƙe shi ne, idan ka ga tsohon abu yana ƙyalli, akwai mai wahala a kansa, shi za ka nema ka tambaya kafin kowa.