Albarka a Layin 'Yan Daddawa

Ko tsufa ya kwashe min tunani, ba na jin zan manta ranar da aka ce min albarka a kasuwar Daura, alhali ban taya kayan kowa ba.

Lokacin ina saurayi, ina tsare wa kawuna rumfar atamfa. Kawu na son ba da labarin kasuwar, yadda ta faro da rumfunan zana da kara, akuya na cin bango, har aka zo aka rufe ta da kwano, kowace sana'a da layinta. Ni ba ruwana da tarihi. Abin da ya ɗaure ni inuwar nan ce mai sanyi, ƙanshin turare yana kokawa da warin daddawa, ga littattafan soyayya na haya da nake ɓoyewa ƙarƙashin atamfa. A cikinsu na koyi cewa mace ba ta buƙatar komai sai kalamai.

Akwai wata yarinya daga Zango da ke rako kakarta sayar da daddawa duk ranar kasuwa. Wata biyu ina haddace abin da zan faɗa mata.

Ranar da na yi ƙundunbala, ina isa gabanta ruwa ya kece. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin kwanon kasuwa ana ruwa ya san ko uwarka ba za ka ji ba. Na fara a hankali, ta nuna kunnenta. Na ɗaga murya, ta sake nunawa. Na cika ƙirji na kwarara, daidai lokacin da ruwan ya ɗauke cak:

"Ke ce farin watan da ke haska duhun zuciyata!"

Duk 'yan layin suka juyo. Tsohuwar ta dube ni daga hula har silifas, kamar mai duba rago a kara, ta ce, "Albarka."

Har mahauta sai da suka leƙo don dariya. Na koma rumfa kamar kazar da aka tsoma a ruwa. Kawu ya share hawayen dariya, ya ce duk wanda aka ce wa albarka ba korarsa aka yi ba, ƙari ake nema, in koma in faɗi gidanmu da sana'ata, shi zai kai goro. Na sani sarai, a kasuwa na girma. Amma a littattafaina, saurayin da aka wulaƙanta barin gari yake yi, budurwa ta rame har a zo ana roƙonsa. Sai na tattara na tafi wajen yayata a Mashi, ina jiran a zo roƙo.

Ba wanda ya zo. Da na gaji na dawo, na tarar wani mai gyaran babur, wanda ko baiti ɗaya bai iya ba, ya turo manyansa, yarinyar kuma ta ce tana so. Ba ta rame ba, har kumatu ta yi. Na tare ta a bakin layi ina haɗa fuskar maraya.

Ta ce, "Malam mai farin wata, kasuwa uku ina sa Iya ta ajiye maka tabarma. Kai ka taya ka gudu."

Daga ranar na gane, in kana son abu aka ce albarka, kada ka yi zuciya. Gyara zama ka ƙara, don akwai wani tsaye a bayanka.