Wasan Binne na Ɗantala

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gangara ya san Ɗantala mai amalanken shanu, ko bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan da ke zaune kan buhunan wake da tsohuwar salula a hannu, shanu suna jan hanya da kansu, shi kuwa yana can yana tseren mota. Ban taɓa ganin mai furfura da wasan salula ya shiga ransa haka ba.

Amma yadda yake son wasannin, haka yake raina su. Wanda ya fi ba shi haushi shi ne na noma: ka shuka yanzu, kafin ka sha shayi ka girbe.

"Wagga gona ta wace ƙasa ce?" in ji shi. "Ba fari, ba tsutsa, ba awakin maƙwabta!"

Sai ya koma tsara nasa a ka. Akwai na tseren amalanke cikin rairayi, akwai na makiyayi mai kora garke ta burtali ba tare da ya taɓa gonar kowa ba. Amma ɗan lelensa shi ne wasan binne, wato shukar nan da ake yi cikin busasshiyar ƙasa, a jira ruwa. In an yi ruwa mai ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsira ya ƙone, ka yi asara. Ɗantala yana son wasan da zai ruɗe mutum kamar yadda damina ke yi. Chindo mai shayi da 'yan teburinsa suna ta yi masa dariya, bai taɓa fushi ba, bai kuma daina ba.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya: ɗiyarsa Farida, wadda amalanken nan ya riƙe tun daga lakol, wato makarantar boko, har ta kai karatun kwamfuta a Maradi. Ta ce za ta gwada haɗa masa wasan binnen. Ana cikin haka idon Ɗantala ya fara hazo. Tun yana kusanto da salula har bakin hanci, har ya ajiye ta. Bai yi raki ba, amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai: kada duhu ya rufe shi bai ga wasansa ba.

Duhun ya riga Farida. Ranar da ta iso da hutu, ta tarar da shi gindin darbejiya, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Uwata, kin makara," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Ki ba yara su yi."

"Baba, ai ba da ido za ka yi ba. Kawo kunnenka."

Ashe tun da ta ji labarin idon ta sake aikin. Ta bi damina tana ɗaukar murya: iskar gabas, cida mai nisa, ruwa kan kwano. Ta ɗora babban yatsansa kan salula, inda zai danna in ya yanke shawarar shuka.

Ɗantala ya kasa kunne. Iska ta taso, cida ta yi gunji. Ya jinjina kai irin na wanda ya san aikinsa, ya danna. Ruwa ya fara, fat, fat, sai ya ɗauke. Can sai kukan kurciya cikin rana.

"Irinka ya ƙone, Baba," in ji Farida a hankali, tana tsoron kada ransa ya ɓaci.

Dattijon ya tuntsire da dariya har hawaye suka jiƙa gemunsa. Ni da nake wurin, nawa idon ma sai da ya kawo ruwa.

"Ya ruɗe ni! Wallahi gonarmu ce!" Ya lalubo hannunta. "Maido shi farko, Uwata. Kuma ki aika a kira min Chindo."