Gwamnan Kan Lantana

Duk injin niƙan da ke tsakanin Makarfi da Hunkuyi ya san hannun Ashafa. Ɗan maƙera ne, bai taɓa zama a bencin boko ba, amma daga kukan inji yake gane ciwonsa. Abin da ya gagare shi yana cikin gidansa: farfaɗiyar matarsa Lantana.

Shekara biyu da samun mulkin kai ya kai ta asibiti a Zariya. Likita Bature ya yi bayani, Lawal tafinta ya juya: wai ƙwaƙwalwarta ce ke ɓallewa da gudu, jiki ya kasa bi.

Ashafa ya zabura. Ai inji ma yakan yi wannan haukar, kuma akwai ɗan ƙarfen da ke danne masa gudu, gwamna sunansa.

"Gaya masa a sa mata gwamna a ka," in ji shi.

Lawal ya tuntsire da dariya. "Gwamna yana Kaduna, Malam. Kai ta can, ko zai yarda ya shiga."

"Na inji nake nufi! Juya masa!"

"In juya shirme? Karɓi ƙwayarku, mutane na jira."

Ashafa ya dawo yana huci. Tafinta ɗan wando ɗaya ya hana maganarsa isa kunnen likita! Ya rantse sai ya ƙera abin da hannunsa. Damina uku yana goge tagulla a rumfar aikinsa, daga girman goro har ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Wa zai buɗe kan Lantana ya sa mata ita, bai tambayi kansa ba. Gari ya ce ba a taɓa ganin miji irinsa ba, shi kuwa ya karɓi yabon.

Lantana ce kaɗai ta san abin da ya zaunar da shi a rumfar. Ranar da farfaɗiya ta jefa ta murhu yana tsaye a wurin. Ya ga kumfa a bakinta, ya tuna an ce yawun mai farfaɗiya na yaɗa cutar, ya ja da baya. Talatu maƙwabciya ce ta tsallako katanga ta janye ta, bayan wuta ta cinye wa Lantana yatsu biyu.

Da ya kawo mata tagullar a tafin hannu, ko kallo ba ta yi ba.

"Malam, shekara uku ƙarfe yana samun hannunka. In na faɗi gobe, za ka riƙe ni?"

"Don wa nake wannan wahalar?" Ya daka mata tsawa.

"Za ka riƙe ni?"

Ya zagi tafinta, ya zagi likita, ya zagi gari. Kalmar "i" ce kawai ta ƙi fita daga bakinsa. Ran kasuwa ta ɗaure kayanta ta hau motar Paki, gidan yayanta.

Ashafa ya ƙara shekara ashirin yana gyaran inji. Duk wanda ya tambaye shi Lantana, sai ya ce wani tafinta ne ya kashe masa aure.